Ginin Gada Da Duwatsu Domin Jirgin Ƙasa Na Kwaikwayo

 Yau za mu yi magana ne a kan wani aiki wanda in mutum ya fara jin labarinsa zai ce ai wannan wasan yara ne. A ƙasashen Turai da Amurka da Japan akwai dubban mutane, galibinsu magidanta, wasu har da furfura, waɗanda in sun taso daga wurin aiki sai su shige wani ɗaki da suka keɓe, su duƙufa wajen gina 'yar ƙaramar hanyar jirgin ƙasa a kan tebur. Kan jirgin da ke bin hanyar nan bai fi tafin hannu tsawo da yawa ba, wutar lantarki ce ke tafiyar da shi ta cikin ƙarafan dogon, kuma a kanti a kan saye shi duk da taragunsa. Amma ƙasar da jirgin zai ratsa, watau tuddai da kwaruruka da koguna da gadojin da ke bisansu, wannan kam mutum shi ke gina abinsa da hannunsa. A nan ilmin ya ke, a nan kuma a ke bambanta gwani da ɗan koyo.

Abu na farko shi ne awo. Duk abin da za a ɗora a kan teburin nan, tun daga kan jirgi har zuwa akuyar da ke kiwo a gefen hanya, tilas a rage shi da ma'auni guda. Ma'aunin da ya fi yaɗuwa a duniya shi ne wanda a ke kira HO, inda a ke rage kome sau 87. A cikinsa tazarar da ke tsakanin ƙarafan dogo biyu, wadda a yawancin hanyoyin duniya ta ke milimita 1,435, ta kan koma milimita 16.5, babban mutum kuwa ya koma kamar santimita 2. Mutanen Ingila sun fi amfani da wani da a ke kira OO, mai rage abu sau 76, domin jiragensu na gaske ƙanana ne, injinan lantarki na zamanin da kuwa ba su shiga cikinsu in an rage su ƙwarai. Akwai kuma N, mai rage abu sau 160, domin wanda ɗakinsa ba shi da faɗi.

Ko da an rage haka, gada babbar aba ce. Gadar Forth ta ƙasar Sikotlan, wadda aka buɗe a 1890, tsawonta ya kusa kilomita biyu da rabi. In an rage ta sau 87 za ta ci mita 28, ba kuwa ɗakin da zai ɗauke ta. Gadar jirgi ta Makurdi a kan kogin Binuwai, wadda aka buɗe a 1932, ta kusa rabin mil, ita ma sai ta ci wajen mita 9. Saboda haka maginan nan su kan yi dabara, su rage yawan zangunan gada, watau abin da ke tsakanin ginshiƙi da ginshiƙi. Mai zango goma su yi mata huɗu, amma kowane zango su bar shi da siffarsa da kaurinsa daidai yadda ya ke.

Yanzu ga wata tambaya. In aka rage gada sau 87, ƙarfinta ma sau 87 zai ragu? Wani masani mutumin Italiya, mai suna Galileo, ya warware irin wannan tambaya a cikin wani littafinsa da aka buga a 1638. Ga yadda lissafin ya ke. Ƙarfin ginshiƙi yana ga kaurinsa, watau faɗin fuskarsa in an yanke shi gida biyu, ita kuwa wannan fuska ta waje biyu ta ke raguwa, 87 sau 87, watau sau 7,569. Nauyi kuwa ta waje uku ya ke raguwa, tsawo da faɗi da tsayi, 87 sau 87 sau 87, watau fiye da sau 658,000. Ashe ke nan nauyi ya fi ƙarfi saurin raguwa nesa ba kusa ba. Gadar Forth ɗin nan an zuba mata ƙarfe fiye da ton 50,000, amma in an rage ta daidai wa daida, da ƙarfe iri ɗaya, nauyinta bai fi kamar kilo 80 ba, nauyin ƙato guda. Wannan ka'ida ce ta sa tururuwa ke ɗaukar ƙwayar hatsin da ta fi ta nauyi da ƙafafu kamar gashi, giwa kuwa sai da ƙafafu kamar turmi ta ke iya ɗaukar kanta.

Saboda haka gadar kwaikwayo ba ta da fargabar karyewa. Da kwali da gam mutum zai yi wadda za ta ɗauki jirginsa shekara da shekaru. In ya ga dama ma sai ya gitta siririn katako ɗaya tsakanin tudu biyu, ba ginshiƙi ko guda, jirgi ya wuce lafiya lau. To, a nan jarrabawar ta ke, gama gadar da ba ta iya faɗuwa tana iya yin ƙarya. Idon mutum, ko bai taɓa zuwa makarantar injiniyoyi ba, ya saba tun yana yaro da ganin yadda kaya ke zama a kan abin da ya ɗauke shi. Da ya dubi gadar da ta yi wa zangonta siranta, sai ransa ya ƙi ta, ko da bai iya faɗin dalili ba. Shi ya sa gwani ke bin dokokin da ba su hau kansa ba, ya gina 'yar gadarsa sai ka ce da gaske kan jirgi mai ton ɗari zai taka ta.

Kafin mu shiga yadda a ke ginin, ya kamata mu san abin da ya sa hanyar jirgi ke yawan bukatar gada. Ƙafar jirgi ƙarfe ce, dogon da ta ke takawa shi ma ƙarfe ne, santsi a kan santsi. Wannan ne ya sa kan jirgi guda ke jan taragu masu yawa a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa, shi ne kuma ya hana shi hawan tudu. Hawan Lickey, kusa da birnin Birmingham, wanda ya yi suna a Ingila saboda tsananinsa, tashin ƙafa 1 ne kawai a cikin tafiyar kusan ƙafa 38, amma a zamanin jiragen kwal sai an sa wani kan jirgi ya riƙa tura su daga baya. Don haka injiniya in ya tarar da tudu sai ya yanke shi ko ya huda shi, in ya tarar da ɗan kwari ya cike shi da ƙasar da ya yanko. Sai kwarin ya yi zurfi, ko akwai ruwa ko wata hanya a cikinsa, sa'an nan ya yarda ya yi gada, domin tsadarta. Ruwa ba ya tsami banza; kowace gada akwai abin da ya tilasta yinta. A kan tebur ma hawa bai kamata ya wuce kamar santimita 2 cikin 100 ba. In ana so wata hanya ta haye bisa wata, ana bukatar tsayin kimanin santimita 8, ke nan sai jirgi ya yi tafiyar mita 4 yana hawa kafin ya kai kan gadar.

A duniyar gaske ƙasa ce ta riga hanya zuwa. Kogi ya daɗe yana cin gaɓarsa kafin injiniya ya zo da ma'auninsa. A kan tebur kuwa abin a juye ya ke, hanya a ke fara shimfiɗawa, sa'an nan a ƙirƙiro ƙasar. Duk gwanintar aikin nan ita ce a ɓoye wannan juyi, har mai kallo ya ɗauka tudun da kogin sun riga dogon. Kuskuren da 'yan koyo suka fi yi shi ne su kafa dogo a kan shimfiɗaɗɗen allo, daga baya su ga ba inda kogi zai bi, don ba a iya haƙa rami a fuskar tebur. Gwanaye ba su yin haka. Su kan haɗa katakai ne kamar ƙashin gado wanda ba a sa masa shimfiɗa ba, tsakiya duk a buɗe, sa'an nan su ɗaga hanyar a kan siririn katako bisa 'yan sanduna, kamar santimita 10 ko 15 sama da ƙashin. Ta haka ƙasa ta sami damar hawa sama da dogo a wani wuri, ta kuma gangara ƙasa da shi a wani, gada ta sami abin da za ta ƙetare.

Mafi sauƙin gada ita ce ta gungume, wadda aka gitta kamar azara a kan bango biyu. In jirgi ya hau ta, samanta matsewa ya ke yi, ƙasanta kuwa ja ya ke sha. Ku gwada da rular makaranta: in kun kwantar da ita tsakanin littafi biyu kuka danna, nan da nan za ta lanƙwashe, amma in kun tsai da ita a kan gefenta sai ta gagare ku. Ashe zurfin gungume daga sama zuwa ƙasa shi ne ƙarfinsa. Injiniyoyin jirgi su kan ba gungumen ƙarfe zurfin da ya kai wajen kashi ɗaya cikin goma ko goma sha biyu na tsawon zangonsa. Zango mai mita 20 ke nan yana son gungume mai zurfin kusan mita 2, a ma'aunin HO kuwa wannan ya zama tsawon santimita 23 da zurfin santimita 2. Wanda ya kiyaye wannan lissafi guda ya tsira daga rabin kurakuran da a kan gani.

In zango ya yi nisa, gungume guda ya kan yi nauyi da yawa, sai a koma ga saƙar ƙarfe. Asirinta alwatika ne, watau siffa mai kusurwa uku. Ku ɗaure kara huɗu kusurwa-kusurwa ku tura, za ku ga sun karkace. Ku ɗaure uku, ba za su motsa ba sai dai su karye. A cikin saƙar nan wasu ƙarafan ja su ke sha, wasu danniya. Mai shan ja ana iya yinsa siriri, gama igiya ma tana iya ja, amma mai shan danniya tilas ya yi kauri kamar taɓarya, in ba haka ba ya tanƙware. Akwai wata irin saƙa da wasu Amurkawa biyu, uba da ɗansa, masu suna Pratt, suka yi wa rajista a 1844, wadda ƙarafanta na gicciye duk su ke gangarowa zuwa tsakiyar gada daga kowane ɓangare, don su riƙa shan ja kaɗai. Mai kwaikwayon da ya juya su, ko ya yi ƙarafan duka da kauri ɗaya, jirginsa zai wuce dai, amma duk wanda ya san aikin zai yi murmushi.

Gadar dutse ko ta tubali kuwa baka-baka a ke yinta, mai kama da bakan da ke cikin soro. Dutse yana jure danniya ƙwarai, amma ba ya jure ja, baka kuwa shi ke mai da dukan nauyi ya zama danniya, ya tura shi gefe da gefe. Saboda haka bakan da ba shi da ƙaƙƙarfan abin dogara a gefensa biyu ƙarya ne. Gadar Ribblehead a arewacin Ingila, wadda aka gina a shekarun 1870, tana da baka 24, kuma kowane ginshiƙi na shida an yi shi ya fi 'yan'uwansa kauri, domin in wani baka ya rushe kada ya ja sauran duka. Mai kwaikwayonta da kwali ko filasta ba abin da zai rushe masa, amma in ya mance da waɗannan ginshiƙai masu kauri, abin da ya gina ba Ribblehead ba ce.

Wadda maginan nan suka fi ƙauna ita ce gadar katako mai dogayen ƙafafu, irin wadda aka yi ta yi a yammacin Amurka. Yadda a ke yinta shi ne a zana siffar ƙafa guda a takarda, a rufe zanen da takarda mai maiƙo don kada gam ya kama, a jera siraran katakai a kai a tokare su da allurai, a manna. A kan zanen nan guda za a yi dukan ƙafafun, don su fito iri ɗaya. Sai dai a rina katakon tun kafin a sa gam, gama inda gam ya taɓa rini ba ya shiga. Ƙafafun su kan buɗe ta ƙasa kamar mutumin da ya ware ƙafa zai ɗauki kaya, kuma a kan ɗaure su da katakai na gicciye. Kada a ɗauki gicciyen nan ado. Ran 28 ga Disamba 1879, da dare, ana iska mai tsanani, tsakiyar gadar ƙarfe ta kogin Tay a Sikotlan ta rufta da jirgin fasinja, ba wanda ya tsira. Masu bincike sun sami cewa ɗaurin gicciye na ginshiƙanta bai isa ya jure iska ba. Tun daga ran nan injiniyoyin Ingila ba su sake raina iska ba, mai kwaikwayonsu ma bai kamata ya raina ta ba.

Inda gada ta haɗu da ƙasa, nan ne ido ya fi kama kuskure. Ƙarfe yana miƙewa in ya ji zafi. Gada mai mita 100, in zafi ya ƙaru da digiri 40 tsakanin daren hunturu da ranar bazara, ta kan ƙara tsawon kusan santimita 5. Don haka ba a binne bakinta cikin ƙasa. A kan ɗora ta ne a kan wasu takalman ƙarfe bisa ginin da ke gaɓa, ɗaya gefen a kafe, ɗayan a bar shi yana zamewa. Ginin gaɓar kuma yana da fukafukai biyu masu tare ƙasa kada ta zubo cikin kogi. Ginshiƙin da ke tsaye cikin ruwa a kan yi masa tsini ta wajen da ruwa ke zuwa, kamar goshin kwalekwale. In hanya ta yi kwana a kan gada, dogo ne ke lanƙwasa, gungumen ba ya lanƙwasa, sai a jera gajeru-gajeru miƙaƙƙu suna bin kwanar. Kuma a tuna a bar sarari ƙarƙashin gada domin ranar da kogi zai kawo.

Mu koma ga ƙasar kanta. Duwatsun da ke kan teburin nan duk holoƙo ne, ciki ba kome. A kan yanka kwali tsiri-tsiri a saƙa shi kamar kwando, a ba shi siffar tudun da a ke so, sa'an nan a tsoma ƙyalle ko takarda cikin filasta, irin wadda likita ke ɗaure karaya da ita, a lulluɓe. In ta bushe sai ta zama ɓawo mai tauri kamar ƙwarya. Wasu kuma su kan jera farantan wani soso mai tauri marar nauyi, su sassaƙe shi da wuƙa. Ko ta wace hanya aka bi, lalle a bar ƙofa a bayan dutsen da jirgi ke ratsawa, domin tarago ya fi son sauka daga dogo a inda hannu ba ya kai. Fuskar dutse kuwa a kan samo ta ne daga dutsen gaske. A kan shafa ruwan roba a jikin wani ɗan dutse ko curin kwal, in ya bushe a ɓare shi, a zuba filasta a ciki. Abin mamaki, tsagar da ke jikin dutsen da bai fi dunƙulen hannu ba kamanninta ɗaya da ta babban tsauni.

A nan ma akwai dokar da filasta ba ta sani ba, amma ido ya sani. Ku zuba yashi busasshe ko gero a ƙasa, za ku ga tsibin ba ya wuce wani gangare, kome kuka ƙara sai ya zubo. Ga busasshen yashi gangaren nan wajen digiri 34 ne. Shi ya sa cikon ƙasar da a ke ɗora dogo a kai a kan ba shi faɗin ƙafa ɗaya da rabi ga kowace ƙafa ɗaya ta tsayi. Filasta za ta tsaya a miƙe kamar bango in an so, amma ƙasar gaske ba ta yin haka, saboda haka inda wuri ya ƙure tilas a nuna dutse ko a gina katangar tokare. Haka kuma in dutsen mai hawa-hawa ne, layukansa na wannan gefen yankan su dace da na wancan gefen, gama asalinsu dutse guda ne aka raba.

Wajen launi, fenti mai kauri ɓata aiki ya ke yi. A kan tsinka shi ne da ruwa ƙwarai a yi ta shafawa sau da yawa, baƙi-baƙin ya gangara cikin tsagogi ya zama inuwa, daga baya a goga fari-fari kaɗan a kan tsinin duwatsun da busasshen burushi. Mai haƙuri, in ji Hausawa, ya kan dafa dutse. Ciyawa a da da garin katako rinanne a ke yinta, yanzu kuwa akwai wasu gajerun zarurruka da a ke barbaɗawa a kan gam ta cikin wata na'ura mai ɗura musu lantarki, irin wanda ke sa matajin roba ya ɗauki guntun takarda in an goga shi a gashi. Lantarkin nan shi ke sa su sauka a tsaye, kamar ciyawar da ta tsiro. Itatuwa kuwa da murɗaɗɗiyar waya a ke yi musu gindi da rassa. Sai dai 'yan koyo su kan yi su gajeru, sun mance itace mai mita 20 a ma'aunin HO santimita 23 ne, ya ninka tsayin tarago har sau huɗu.

Ruwa shi ne abin da ya ƙi yarda a rage shi. Ɗigon ruwa girmansa ɗaya ne ko a kogi ko a kan tebur, domin akwai wani ƙarfi a fuskar ruwa mai tattara shi kamar fata, ba ruwansa da ma'auninmu. Ɗigo mai milimita 4, in an auna shi da awon mutanen teburin, ya kai santimita 35, watau kamar tulu. Saboda haka ruwan gaske a kan tebur ba ya kama da kogi, ga shi kuma yana ruɓar da katako, yana sa ƙarfe tsatsa. Abin da a kan yi shi ne a shafe gindin kogin da fenti, tsakiya duhu don ta nuna zurfi, gefe haske-haske, sa'an nan a zuba wani irin ruwan gam mai daskarewa garau kamar gilashi, kaɗan-kaɗan, wani bisa wani. Sai a wuri mai faɗi ƙwarai ruwan gaske ke yin kyau, kamar a Miniatur Wunderland ta birnin Hamburg a Jamus, wadda wasu tagwaye, Frederik da Gerrit Braun, suka buɗe a 2001, inda dogo ya fi kilomita 15, kuma aka zuba lita 30,000 na ruwa domin 'yan jiragen ruwa.

Saura nisa. Tebur bai fi kamu biyu ko uku faɗi ba, amma ana so ido ya ga kamar ƙasa ta tafi mil da yawa. Kun san tsaunin da ke nesa ya kan yi shuɗi-shuɗi, launinsa ya koɗe, domin iskar da ke tsakaninku da shi tana warwatsa haske, balle a kwanakin hazo. A kan tebur ba iskar da ta kai haka, sai a saka ta da fenti: abin da ke gaba a ba shi launi mai ƙarfi, na baya a koɗar da shi, gidajen can baya kuma a yi su da ƙaramin ma'auni. Wanda ya yi fice a wannan dabara shi ne John Allen, wani mai ɗaukar hoto a garin Monterey na Kalifoniya. A ɗakin ƙarƙashin gidansa ya gina duwatsu tun daga daɓe har kusa da rufi, da gadoji birjik, mai kallo ya riƙa tafiya a cikin kwari, ya kuma ɓoye madubai a wurare don hanya ta zama kamar ba ta ƙarewa. Ya rasu a Janairu 1973, bayan kwana goma gobara ta cinye aikin. Hotunan da ya ɗauka su ne suka saura, har yanzu kuwa ana koyo da su.

Wani zai ce, duk wannan wahala don me? Amsar tana wani ƙauye mai suna Long Wittenham, kusa da Oksfod. Wani saurayi mutumin Ostareliya, Roye England, ya zo Ingila a 1925, ya ga tsofaffin gidajen ƙauye masu jinkar ciyawa ana ta rushe su ko sauya musu kama. Sai ya shiga auna su yana zanawa, ya riƙa gina su da kwali a ma'aunin 76, tubali ɗaya-ɗaya ya ke shafa wa launi. A 1954 ya kafa gidan ajiya na Pendon, ya rasu a 1995, masu aikin sa kai suka ci gaba. A cikin gidan akwai kwaikwayon wata doguwar gadar katako irin ta shahararren injiniyan nan Brunel, wanda ya yi irinsu da yawa a kudu maso yammacin Ingila sa'ad da kamfanonin jirgi ba su da kuɗin yin na dutse. Ginshiƙanta na dutse ne, daga kansu katakai suka buɗe sama kamar yatsun hannu suka tallafi dogo. Irin waɗannan gadoji babu ko ɗaya da ta saura. Ta ƙarshe a yankin Cornwall an sauya ta a 1934, sai dai ginshiƙan wasunsu da ke tsaye a kwaruruka. Wanda ke son ya ga jirgi yana ƙetare irinta da idonsa, sai ya tafi Pendon. Da maginanta sun yi ta yadda suka ga dama, da abin wasa kawai aka samu, amma da ya ke sun bi awo da ka'ida, sai ta zama shaida ga waɗanda ba su ga ta gaske ba.

Saboda haka, jama'a, wanda ya yi sha'awar aikin nan kada tsadar jirgi ta hana shi farawa, ginin gada ba ya bukatar jirgi. Ya nemi kwali da gam da reza da rula, ya tafi wurin wata 'yar gada ko kwalbati da ke kusa da shi, ya tsaya nesa da dogo inda ba haɗari, ya dube ta da kyau. Ya tambayi kansa abin da ta ƙetare, da inda nauyinta ke sauka, da ta wajen da ruwa ke zuwa. Sa'an nan ya zana, ya raba kowane awo da 87, ya yanka. In akwai yara a gidan ya sa su riƙe masa rula, su yi masa lissafin rabawar, gama abin da hannu ya gina ya fi zama a ka bisa abin da kunne ya ji.